Me Ya Sa Musun Ƙwallo Ba Ya Ƙarewa Lafiya? Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama cikin masu kallon ƙwallo ya san yadda abin yake farawa. Wani ya ce fenariti ne, wani ya ce ɗan wasan ne ya zube da kansa. Kafin minti biyar an bar maganar fenariti an koma ƙirga kofuna, daga nan a koma "kai yaushe ma ka fara kallo", sai kuma a ji kalmar da ba ta da alaƙa da ƙwallo ko kaɗan. Tambayoyin da ke ƙasa a kan wannan hali suke. Misalan sun fi karkata ga ƙwallon ƙafa domin ita na fi sani, kuma a kanta na fi ɓata wa mutane rai, amma masu kallon kwando da dambe da tseren motoci za su ga kansu a ciki.

Wasa ne fa kawai. Me ya sa mutum zai ɗauki zafi a kan ƙungiyar da ba ta ma san da zamansa a duniya ba?

Saurari yadda mai goyon baya yake magana. "Mun ci." "Mun sayi ɗan wasa." "An yi mana coge." Bai taɓa taka filin ba, ba shi da hannun jari a kulob ɗin, wataƙila ko garin bai taɓa zuwa ba, amma wannan "mu" ɗin har cikin ransa yake faɗinta.

A 1976 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Robert Cialdini, shi da abokan aikinsa suka sa ido a jami'o'i bakwai. Kowace Litinin sai su ƙirga ɗaliban da suka shigo aji da riga mai tambarin makarantarsu. Makon da ƙungiyar makarantar ta yi nasara, masu sa rigar sun fi yawa. Da aka riƙa buga wa ɗalibai waya ana tambayarsu yadda wasa ya kaya, sai aka ga "mu" ta fi fitowa ranar nasara, ranar shan kashi kuwa a koma "su". Jiki ma yana shiga ciki. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1994, wanda Brazil ta doke Italiya a bugun fenariti bayan Roberto Baggio ya ɗaga tasa sama, wasu masu bincike sun gwada yawun maza 'yan kallo kafin wasa da bayansa. Mutanen ba su da yawa, amma sakamakon ya fito fili: sinadarin testosteron ya hau a jikin magoya bayan Brazil, ya sauka a na Italiya, alhali dukkansu a zaune suke gaban talabijin.

Wanda ya iya sulalewa ya koma "su" ya huta. Wahalar tana ga wanda "mu" ta kama har ƙashi. Ɗan wasa idan ya ji haushi yana da ƙafa biyu da minti 90 da zai huce a kansu. Koci yana iya canja 'yan wasa, mai kulob yana iya korar koci. Mai goyon baya ya ɗaure farin cikinsa na mako guda a ƙafar wasu mutane 11 da ba sa jin kiransa, kuma babu abin da zai iya taɓawa. Baki kaɗai gare shi. Duk bugun da ya so yi a fili bai samu dama ba, a kan na kusa da shi zai yi shi.

Ta yaya mutum biyu za su kalli abu ɗaya, wannan ya rantse ƙeta ce, wancan ya rantse ko taɓa shi ba a yi ba? Ba dole ɗayansu ƙarya yake yi ba?

Ba dole ba ne, kuma wannan ne ya fi ɗaure kai. A watan Nuwamba na 1951 jami'o'in Princeton da Dartmouth suka kara a ƙwallon Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga. Wasan ya yi muni: tauraron Princeton ya fita da karyayyen hanci, wani ɗan Dartmouth ya fita da karyayyiyar ƙafa. Malamai biyu, Albert Hastorf da Hadley Cantril, suka nuna wa ɗaliban makarantun biyu hoton bidiyon wasan, iri ɗaya sak, suka ce kowa ya ƙirga laifukan da ya gani. Laifukan da 'yan Princeton suka ƙirga wa Dartmouth sun ninka abin da 'yan Dartmouth suka ƙirga wa ƙungiyarsu fiye da sau biyu. Babu wanda aka biya ya yi ƙarya. Abin da idonsu ya ba su ke nan.

So hana ganin laifi, in ji masu magana, amma a nan har ganin ƙafa yake hanawa. Na sha lura da kaina. Idan namu ya faɗi a da'irar gola, idona yana kan ƙafar mai tsaron baya, ina neman inda ta shafe shi. Idan nasu ya faɗi, idona yana kan shi mai faɗuwar, ina neman alamar ya fara zubewa tun kafin a iso shi. A maimaita hoton sau goma, kowa wurin da ya zaɓa zai sake kallo. To da yake kowa ya tabbata da idonsa ya gani, sai ya yanke cewa ɗayan ko dai makaho ne ko munafuki. Da an kai nan, maganar ta tashi daga kan ƙwallo ta koma kan halin mutum.

Hukuncin ɗabi'a ma haka yake juyawa. A Kofin Duniya na 2010 Luis Suárez na Uruguay ya sa hannu ya tare ƙwallon Ghana a bakin raga a minti na ƙarshe na ƙarin lokaci, aka ba shi jan kati, Asamoah Gyan na Ghana ya buga fenariti ta daki sandar saman raga, Uruguay ta wuce. Wanda zuciyarsa take tare da Ghana har gobe ɓarawo yake kiransa. A Uruguay kuwa sadaukarwa ake kiran abin. Tambayar da kowa ke gudu ita ce: da ɗan wasanku ne ya yi, da wane suna za ku ba shi?

Me ya sa kushe ya fi yabo yawa? Ko ƙungiya ta ci wasa sai ka ji ana ƙorafi.

Zafin rashi ya fi daɗin samu nauyi a zuciyar ɗan'adam. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan tun 1979 a kan yadda mutane ke yanke shawara a harkar kuɗi, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna asara tana yin ciwo kusan ninki biyu na daɗin riba mai girmanta. Ƙungiya ta ci wasa biyar a jere, an yi murna an kwanta. Ta faɗi na shida, sai a kwana uku ana tone-tone.

Sannan tsarin gasar kansa injin samar da ɓacin rai ne. Ƙungiyoyi 20 ke buga Firimiya, ɗaya ce ke ɗaga kofi. A Kofin Duniya kowace ƙasa da kuka take komawa gida sai guda ɗaya tak.

Amma abin da na fi ɗora wa laifi shi ne sa'a, da kuma ƙin yarda da ita. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci, galibi biyu zuwa uku a wasa ɗaya, don haka turke ɗaya ko zamewar ƙafa ɗaya tana iya juya komai. A wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2012, Bayern Munich a filinta ta samu bugun kwana 20, Chelsea ta samu ɗaya. Da wannan ɗayar Didier Drogba ya farke a minti na 88, Arjen Robben na Bayern ya ɓarar da fenariti a ƙarin lokaci, Chelsea ta tafi da kofi. A 2022 Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2 da 1, Ajantinar da ta yi wasa 36 ba a doke ta ba, kuma ita ce ta ɗauki kofin bayan wata guda. Zuciya ba ta son a ce mata "haka dai ta faru". Tana son mai laifi mai suna da fuska. Shi ya sa David Beckham na Ingila, bayan jan katin da ya karɓa a karawa da Ajantina a 1998, ya wayi gari an rataye mutum-mutuminsa a Landan. A 2021 Marcus Rashford da Jadon Sancho da Bukayo Saka na Ingila suka ɓarar da fenariti a wasan ƙarshe na Kofin Turai da Italiya, aka yi musu ruwan zagi na wariyar launin fata. Saka yana ɗan shekara 19 a lokacin. Mafi muni shi ne Andrés Escobar na Kolombiya, wanda ya ci gida a wasansu da Amurka a 1994, aka harbe shi a Medellín kwana goma bayan haka.

Ni fa na fi jin daɗin a lallasa abokan hamayyarmu fiye da mu ci namu wasan. Lafiyata ƙalau kuwa?

Ƙalau kake, ko kuma mu ce ciwon na kowa ne. A 2011 Mina Cikara da abokan aikinta suka sa magoya bayan Red Sox da Yankees, manyan abokan gaba a wasan besbol na Amurka, cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu wasa. Sashen da ke motsawa idan mutum ya samu abin daɗi ya motsa lokacin da ƙungiyarsu ta yi nasara, ya kuma motsa lokacin da abokiyar gaba ta faɗi, ko da a hannun wata ƙungiya dabam ce. Waɗanda sashen ya fi motsa musu su ne suka fi cewa za su iya tsokana ko cutar da mai goyon bayan ɗaya ɓangaren.

Shi ya sa wasu alƙaluma ba sa tsufa. Manchester United 8, Arsenal 2 a 2011. Jamus 7, Brazil 1 a 2014. Bayern 8, Barcelona 2 a 2020. Liverpool 7, United 0 a 2023. Ka lura, waɗanda suka ci sun daɗe da wucewa. Masu ajiye waɗannan lambobi a aljihu, suna zaro su duk sanda musu ya yi musu tsauri, yawanci 'yan wata ƙungiya ce ta uku da ba ta ko buga wasan ba.

Ita wannan gabar tana da tushe, ko kawai an ga ana yi ne?

Wata tana da tushe mai zurfi. An kafa Celtic a Glasgow a 1887 domin tallafa wa talakawan Katolika 'yan ci-rani daga Ayalan, Rangers kuma ta zama ta 'yan Furotesta, har ta shafe shekaru da dama ba ta ɗaukar sanannen ɗan Katolika. Da ta sayi Mo Johnston a 1989, wasu magoya bayanta ƙona gyalen kulob da tikitinsu na kaka suka yi. A zamanin mulkin Janar Franco a Sifaniya, daga 1939 zuwa 1975, an danne harshen Kataloniya, filin Barcelona ya zama wurin da mutanen yankin ke nuna su wane ne, Real Madrid kuma ake kallonta a matsayin ta babban birni. Liverpool da Manchester sun yi kishin kasuwanci tun kafin kishin ƙwallo: a 1894 Manchester ta buɗe mashigin ruwa na kanta domin jiragen kaya su daina dogaro da tashar Liverpool.

Sai dai mafi yawan masu wannan faɗa a yau suna nesa da waɗannan garuruwa da dubban kilomita, kuma ba ruwansu da tashar jirgi ko Janar Franco. Gadon gabar suka karɓa ba tare da dalilinta ba, kuma abin bai rage mata zafi ba. Henri Tajfel ya nuna dalili a farkon shekarun 1970 a Bristol. Ya raba 'yan makaranta gida biyu a kan abin da bai kai ya kawo ba, wato wane mai zane suka fi so tsakanin Klee da Kandinsky. Yaran ba su ma san su wa ke rukuninsu ba. Da aka ba su maki su raba, sai kowa ya fifita 'yan rukuninsa, wasu har suka yarda nasu su samu kaɗan muddin za su fi na ɗaya ɓangaren. Idan zanen da ba ka damu da shi ba ya isa ya raba ku, ina ga rigar da ka fara so tun kana yaro?

To me ya sa 'yan ƙungiya ɗaya suka fi cin mutuncin juna?

Domin zagin bare ba ya shiga kamar na ɗan gida. Idan ɗan wata ƙungiya ya ce kocinku bai iya ba, ka san aikinsa ke nan. Idan naka ya faɗa, ko kuma ya ƙi faɗa alhali kai kana ganin jirgi na nutsewa, sai ka ji kamar cin amana.

Shekarun ƙarshe na koci Arsène Wenger a Arsenal sun ishe mu misali. Mutumin ya zo a 1996, ya ci Firimiya uku, ya ci Kofin FA bakwai, ya kammala kakar Firimiya ta 2003 zuwa 2004 ba a doke shi ko sau ɗaya ba. Amma daga baya magoya baya suka rabu biyu, masu cewa ya tafi da masu cewa ya zauna. A watan Maris na 2017, ana wasa a gidan West Brom, jirgin sama ya wuce ta saman fili yana jan ƙyalle mai cewa kada a sabunta masa kwantiragi. Can sai ga wani jirgin da ƙyallen da ke cewa an amince da shi. Mutane masu riga iri ɗaya sun yi hayar jirage biyu domin su yi musu a sararin sama, a ƙasa kuma ana cin ƙungiyarsu 3 da 1.

A cikin gida ne kuma ake gasar wa ya fi wa zama ɗan asali. Wanda ya sha wahalar shekarun fari yana kallon sabon shiga a matsayin ɗan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa. Mai kushe yana ganin mai haƙuri ya saba da faɗuwa har ta daina yi masa ciwo, mai haƙuri yana ganin mai kushe jiran faɗuwar yake domin ya ce "ai na faɗa". Na ƙarshen nan akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wanda ya shekara biyu yana cewa a kori koci ya riga ya zuba mutuncinsa a kan maganar, kuma wani lokaci idan ƙungiyarsa ta ci wasa, murnarsa ba ta cika ba.

Ɗan wasan da ya koma gidan abokan gaba kuwa nasa hukuncin dabam ne. Luís Figo ya bar Barcelona ya koma Real Madrid a 2000. Da ya je bugun kwana a Camp Nou, filin Barcelona, a 2002, cikin abubuwan da aka jefo masa har da kan alade.

Messi ko Ronaldo: wannan musun zai taɓa ƙarewa?

A'a, domin ba a taɓa yarda da ma'auni ba. Mai Messi zai ce kyautar gwarzon ɗan wasan shekara ta Ballon d'Or 8 da Kofin Duniya na 2022 da ƙwallo 91 a shekarar 2012 kaɗai. Mai Ronaldo zai ce Zakarun Turai 5, Kofin Turai na 2016, lig a Ingila da Sifaniya da Italiya, da ƙwallo sama da 900. Duka gaskiya ne. Kowa gwaninsa ya fara zaɓa, sannan ya je ya nemo sikelin da zai ba shi nasara. Kafin 2022 wasu na cewa ba a zama gwarzo sai da Kofin Duniya, bayan 2022 su ɗin ne suka ce ai kofi na ƙungiya ne ba na mutum ɗaya ba. Wani dattijo kuma yana gefe yana jiran ku gama ya ce Pelé ya ɗauka sau uku.

An kawo VAR, wato tsarin sake duba hukunci ta bidiyo, domin a huta da gardama. Me ya sa abin ya ƙaru?

Akwai hukunci iri biyu. Na farko tambaya ce mai amsa ɗaya: ƙwallo ta haye layi ko ba ta haye ba? A 2010 ƙwallon Frank Lampard na Ingila ta shiga ragar Jamus ƙarara, alƙalin wasa bai gani ba. Aka kawo na'urar layin raga, aka yi amfani da ita a Kofin Duniya na 2014, kuma wannan musun kusan ya mutu. Na biyu kuwa ra'ayi ne: turin ya kai a busa? Hannun yana inda ya kamata? Ganganci ne ko tsautsayi? VAR, wadda aka fara amfani da ita a Kofin Duniya a 2018, Firimiya kuma a 2019, ba ta da amsar waɗannan. Wani mutum ne dai a wani ɗaki yake kallon hoto, da idon ɗan'adam irin na ɗaliban Princeton.

Abin da ta canja shi ne uzuri. A 1986 da Maradona ya ci Ingila da hannu, ana iya cewa alƙali bai gani ba. Yanzu an san ya gani, ta kusurwa shida, a hankali. Idan hukunci ya saɓa wa abin da kake so, "kuskure" ba ta gamsar da kai, sai ka koma "da gangan". Kuma kuskuren yana nan. A watan Satumba na 2023 aka soke halastacciyar ƙwallon Luis Díaz ta Liverpool a gidan Tottenham da sunan satar gida, saboda mai kula da VAR ya ɗauka an riga an ba da ci a fili, ya ce ya duba komai daidai. Hukumar alƙalan ta amsa laifi har ta saki muryoyinsu.

Kada kuma a ce masu zargin alƙalai duk mafarki suke. Wani bincike a kan La Liga da aka buga a 2005 ya gano alƙalai suna ƙara lokaci mai tsawo idan masu gida ne ake ci da ƙwallo ɗaya, su gajarta idan masu gida ne ke gaba da ɗaya. A 2020, da annobar korona ta sa aka buga wasanni babu 'yan kallo, katin da ake ba baƙi ya ragu a gasanni da dama. Wato son kai yana nan, amma ihun jama'a ne ke jawo shi. Masu zagin alƙali su ne ke lanƙwasa shi, sannan su je gidan wasu a lanƙwasa shi a kansu. Shi kuma yana biya da jikinsa: Anders Frisk na Suwidin ya ajiye usur a 2005 saboda barazanar kisa bayan wasan Barcelona da Chelsea, a 2023 aka yi wa Anthony Taylor da iyalinsa ca a filin jirgin Budapest, a ƙarshen shekarar kuma shugaban kulob ɗin Ankaragücü na Turkiyya ya shiga fili ya naushi alƙali a fuska.

Mutanen da ba haka suke ba. Zamani ne ya lalace?

Mutanen da sun fi mu ɓarna. A shekara ta 59 miladiyya, a filin wasan Pompeii, mutanen garin da baƙi daga Nuceria suka kaure. Marubucin tarihin Rum, Tacitus, ya ce da ba'a aka fara, aka koma jifa, aka ƙare da takubba, har majalisar Rum ta hana garin irin wannan taro na shekara 10. A 532, a birnin da yau ake kira Istanbul, magoya bayan tseren keken doki, Shuɗaye da Koraye, suka haɗe kai suka yi wa Sarki Justinian bore, aka ƙone babban ɓangare na birnin, aka kashe mutum wajen 30,000. A 1969 El Salvador da Honduras suka yi yaƙin kwana huɗu bayan wasannin neman gurbin Kofin Duniya, ko da yake rikicin filaye da 'yan ci-rani ne ainihin wutar, ƙwallo ashana ce kawai. Tarzomar filin wasan Heysel na Beljiyam a 1985 ta ci rai 39, ta Port Said ta Masar a 2012 ta ci sama da 70.

Abin da ya sauya shi ne da can musu yana da lokacin tashi. A yi wasa, a yi hayaniya, kowa ya kama gabansa sai wani makon. Yanzu yana aljihunka dare da rana, kuma sau da yawa wanda kake yi da shi ba ka ganin fuskarsa. Fuska birki ce. Idan ka faɗi magana ka ga idon mutum ya canja, kana sassautawa ko ba ka yi niyya ba. Ga kuma masu cin abinci da wutar: mai sharhin da ya ce "ƙungiyoyin biyu sun yi ƙoƙari" babu mai tuna shi, wanda ya ce "wannan ɗan wasan ya ƙare" shi ake yaɗawa, masoya su yaɗa don murna, maƙiya su yaɗa don haushi.

Caca tana da hannu?

Sosai. Wanda ya sa kuɗinsa a kan wasa ba kallo yake ba, lissafi yake. Ƙwallon minti na 94 da ta ba kowa dariya shi ta cinye masa abin da ya sa, kuma ba zai fito ya ce "na yi asara" ba, zai ce golan banza ne, ko an sayar da wasan. 'Yan wasan tanis sun daɗe suna kokawa cewa kaso mai yawa na zagin da ake aika musu daga waɗanda cacarsu ta ƙone yake fitowa.

Ina iyakar zolaya, ina cin mutunci ya fara?

Zolaya gishirin kallo ce, kuma wanda ba ya son a taɓa shi ranar da aka ci su bai kamata ya buɗe baki ranar da suka ci ba. Iyakar da na sani ita ce inda magana ta sauka daga kan riga ta hau kan wanda ke cikinta.

Da kaina na koyi wannan. Wani abokina, ƙungiyarsa ta jagoranci teburi kusan kaka guda, ta zo ta zube a makonnin ƙarshe. Na yi ta yi masa tsiya yana ramawa muna dariya, har bakina ya zarce na ce, "Ai ku haka kuke, kai da su, ba ku iya ƙarasa abu ba." A shekarar ne ya bar karatu bai kammala ba, kuma na sani. Bai zage ni ba. Ya kalli allon talabijin ɗin da an riga an kashe, ya ce, "Haka ne," ya ɗauki makullinsa. Mun shirya daga baya, amma har yau idan ana maganar waccan kakar ni ne mai fara canja zance. Magana zarar bunu ce.

Wani abin kuma tun farko ba zolaya ba ne. Kukan biri na wariyar launin fata da aka yi wa Vinícius Júnior na Real Madrid a filin Valencia a watan Mayu na 2023 ya kai mutum uku gaban kotu, aka yanke musu ɗaurin wata takwas a 2024. Waƙoƙin da wasu ke yi da magoya bayan Liverpool da suka mutu a turmutsitsin filin Hillsborough ko waɗanda suka mutu a haɗarin jirgin Manchester United a Munich suna cikin wannan sahu. Kuma haushin ba a fili yake tsayawa ba. David Card da Gordon Dahl sun bi rahotannin 'yan sanda a Amurka, suka buga sakamakon a 2011: ranar da ƙungiyar gari ta faɗi wasan da kowa ya sa ran za ta ci, dukan mata a gida yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100. Idan dama an san za a faɗi, ba a ganin wannan ƙarin.

Akwai abin da ke rage zafin, ko sai dai a daina kallo?

Abubuwa ƙanana suna aiki. Kada ka yi musu a sa'ar farko bayan an tashi wasa, jikinka bai dawo daidai ba tukuna. Kafin a fara wa ya fi wa, a tsayar da ma'auni, za ka ga rabin musun ya mutu a nan. Idan hukunci ya ba ka haushi, juya rigunan a ranka ka sake kallo. Kuma ka amsa abu ɗaya da ɗayan ya faɗa daidai, domin mutumin da aka ba gaskiya sau ɗaya ba ya cika ɗaga murya.

Akwai wani gwaji da Mark Levine da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Lancaster, aka buga a 2005. Sun tara magoya bayan Manchester United, suka sa kowa ya amsa tambayoyi a kan son da yake yi wa kulob ɗinsa, sannan aka tura shi wani gini shi kaɗai. A hanya sai wani mai gudu ya zame ya faɗi a gabansa, ya riƙe idon sawu yana nishi. Shiri ne, su ba su sani ba. Idan mai faɗuwar yana sanye da rigar United, kusan kowa ya tsaya ya taimaka. Idan rigar Liverpool ce, ko riga marar tambari, wajen ɗaya cikin uku ne suka tsaya. Sai aka sake gwajin da wasu magoya bayan United ɗin, amma wannan karon tambayoyin a kan son ƙwallon ƙafa ne gaba ɗaya da abin da masoyanta suka haɗa. Mai rigar Liverpool ya samu taimako kusan daidai da mai rigar United. Shi kuwa mai riga marar tambari, yawancinsu wucewa suka yi suka bar shi a ƙasa riƙe da ƙafarsa.